Prato, garin da ake gasa biskit sau biyu

Ƴan uwa mata, in kun shiga jirgin ƙasa daga Fulorans, a ƙasar Italiya, ba ku cika rabin awa ba kun sauka Prato. Garin masaƙa ne. Tun da daɗewa suke tara tsofaffin tufafin ulu, su warware su, su sake saƙa sabon yadi. Amma ni abin da ya riƙe ni can biskit ne.

Suna ce masa biskoti, ma'ana abin da aka gasa sau biyu. Shagon da ya fi suna, wani mai gashin burodi, Antonio Mattei, ya buɗe shi a 1858. Har yau yana nan, ana ƙulla ma mai saye kayansa cikin shuɗiyar takarda. Kayan haɗin ba yawa: garin alkama, sukari, ƙwai, da wata ƙwaya mai suna amandi, mai kama da gujiya a baki. Ba mai, ba man shanu, ba yis.

Ga yadda matan can ke yin nasu a gida. A kwaɓa, a mulmula dogo-dogo kamar kaurin hannun yaro, a shafe da ƙwai, a sa tanderu. In ya gasu a fiddo shi da ɗuminsa, a yanyanka a karkace, kaurin yatsa. Sannan a maida shi kan wuta kaɗan har ya bushe ƙayau. In kin gatsa shi haka nan, haƙori zai ba ki labari! Su cikin wata giya mai zaƙi suke tsoma shi. Ni shayi na tsoma, kuma ya yi.

Gashin na biyu shi ne dubarar. Gaton da muke yi, in bai ƙare ba kwana 2 ko 3 cikin zafin bazara, ya tashi daga kayan saida, ga bashin asusu na jiran mai shi. Wannan kuwa, tunda ruwan jikinsa ya fita, yana yin makonni cikin gwangwani rufaffe. Kilishi na tuna: a shanya, sannan a gasa.

Sai dai yana cin ƙwai, kuma wuta biyu itace biyu ne. Wadda za ta gwada da soyayyar gujiya, ta jira damina, lokacin da ƙwan zabi ke araha. Ta dai rufe gwangwaninta da kyau, don laimar damina na saurin sa shi laushi.