Ba a fafe gora ranar tafiya

Jiya bayan isha'i maƙwabciyarmu ta shigo da 'yarta, idon yarinyar ya yi jawur. Ta ci JAMB da maki mai kyau, lauya take son karantawa, sai jami'a ta tambaye ta sakamakon Adabin Turanci. Ba ta taɓa zama ajin darasin ba. Tun SS1 aka tura ta ajin kasuwanci, ba wanda ya tambaye ta me take son zama, mai shagon intanet kuma shi ya zaɓa mata darussan da ta rubuta. Uwar ta ce min, "Malam, ko ka san wani a can ciki?" Na ce, "Hajiya, wallahi wannan ba maganar sanin wani ba ce."

Abin da na taɓa rubutawa lokacin rajistar JAMB, shi zan maimaita. Mun ɗauka shirin jami'a a SS3 ake fara shi, alhali tun ranar da aka raba yara aji-aji, kimiyya ko fasaha ko kasuwanci, aka gama yanke rabin hukuncin. Jami'a na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci a ciki, kuma sai a darussan da suka dace da kwas ɗin. Mai son likitanci sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya. Duk wannan yana cikin kundin da hukumar JAMB ke fitarwa, kyauta ake duba shi ta waya. Uba nawa ne ya taɓa buɗe shi tare da ɗansa?

Ga maganar kwamfuta. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar nan, amma har gobe muna kai yaron da bai taɓa riƙe linzami ba, ya zauna hannu na rawa, lokaci na tafiya. Ga NIN, wadda ba a rajista sai da ita tun 2021. Za ka ga suna Muhammad a NIN, Mohammed a takardar makaranta, shekarar haihuwa ma kowace da tata. Gyaran da za a yi a tsanake a SS2, sai ana saura mako a rufe rajista ake zarya.

Na san za a ce, Malam kai ɗan boko ne, mu ba mu yi karatun ba. Gaskiya ne, kuma ban ɗora wa iyaye laifin duka ba. Makarantar da ta karɓi kuɗinka shekara shida ba ta zaunar da ɗanka ko sau ɗaya ta yi masa bayanin nan ba, ita ma da hakki a wuyanta. Amma in za ka aurar da 'yarka ai har unguwar su yaron kake zuwa bincike, ba ka ce ba ka yi boko ba. Tambayar malamin aji me ta fi wannan wuya?

Wasu kuma su ce komai nufin Allah ne. Haka ne, ban musa ba, amma Allah da ya ce a dogara gare Shi, Shi ya ce a bi sababi. Kada mu yi sakaci da amanar yara sannan mu kira shi ƙaddara. Ban ce ba a zalunci wajen ba da gurbi ba. Akwai yaran da suka cika kowane sharaɗi suka zauna a gida, abin yana min ciwo. Sai dai yaron da takardunsa ba su cika ba, ko ƙorafin ma ba shi da bakin yi.

In ɗanka yana JS3 ko SS1, don Allah cikin makon nan ka je makarantarsu da kanka, ka tambayi ajin da za a sa shi da dalili, ka kuma duba ko suna da malamin kowane darasin da kwas ɗinsa ke buƙata.