Kuɗin Adashina



Ranar da na kwashi adashina, ƙawaye suka ce in sayi sarƙar gwal. Ni kuwa na gaji da kai rubutuna shagon buga takardu, ina biya shafi-shafi, ga mai bugawa yana karance labarina tun littafin bai fito ba. Na ce kwamfutar tebur zan saya.

Ƙanena ya raka ni Beirut Road a nan Kano. Ya ce, "Yaya, kada kyan akwati ya ruɗe ki, cikinta ake tambaya." Muka ɗauki ta hannu, mai RAM 8GB, aka kunna ta a gabanmu. Ya ce in haɗa da UPS, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta. Na ce kuɗi sun ƙare, alhali leshi nake hange.

Wallahi ba a yi sati biyu ba, ina tsakiyar babi na 9, wuta ta tafi da shafi 11 da ban adana ba. Har kuka na yi.

Leshin na sayar, na sayo batirin. 'Yar uwa, idan ƙaninki ya fi ki sani, ki saurare shi. Allah Ya sa mu dace, amin.