Tsohuwa Mai Malfa

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Watakila shi ya sa duk macen da ta ga 'yar'uwarta ta rasa miji sai jikinta ya yi sanyi, don ta san abin da jama'a ke jira daga gwauruwar tsohuwa, watau ta shige ƙurya, ta rage murya, ta zauna jiran ranarta. Nufina a nan in ba da labarin wata wadda ta ƙi wannan hukunci, kana in faɗi abin da na ke gani game da ƙin nata.

Ƙanwar kakana ce, muna kiranta Inna, amma a Mandera, can wajen Boɗinga da Shagari, an fi saninta da Mai Malfa. Ta haura shekara hamsin a ɗakin mijinta, wani malamin allo mai kawaici, kafin Allah ya yi masa rasuwa. Ta yi takaba kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta shimfiɗa, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Ranar da ta fita takaba kuwa sai ta yi wanka, ta rambaɗa kwalli, ta aika aka sayo mata malfa irin ta manoma. Da tumunin da shari'a ta ba ta daga abin da ya bari, ta sayi awaki uku, ta raɗa wa kowace sunan wata maƙwabciyar da suka taɓa faɗa.

Nan da nan magana ta tashi. Waɗansu suka ce tsufa ne ya taɓa ta, waɗansu suka ce dama ba ta ƙaunar marigayin. Da surutun ya kai kunnenta, amsa ɗaya ta bayar, cikin harshenta na Sakkwatanci: "Allah wata huɗu da kwana goma yac ce. Ku ko kun ce har mutuwa. To, wa za ni bi?" Babu wanda ya iya mayar mata.

Ni da sauran jikoki mu muka fi shan barkwancinta, sabo da wasan da al'ada ta halatta tsakanin kaka da jika. Duk sa'ad da na je hutu, tun daga zaure za ta fara: "Ga angona ya iso! Malam ya tai ya bar ni da wanga miji nau, ba shi da ko kaza, sai takardu." In na ce ai na sami budurwa a birni, sai ta ce in kawo ta su gwada dakan fura, wadda ta gaji ta bar wa ɗaya mijin. A farkon 2023, lokacin da aka sake fasalin takardun naira, kuɗi suka yi wuya, mutane suna kwana a bakin banki, ita dariya ta yi ta yi. Ta ce ta ga ranar da naira ta kori fam da sule a 1973, ga fari a shekarar, tun daga nan ta gane bankin talaka shi ne turken akuya, don ba hukumar da ke sake wa akuya launi.

Babban abin da ya so ya raba kan zuriyarmu shi ne batun mazauninta. Babban ɗanta, ma'aikaci ne a Sakkwato, ya ga abin kunya ne a ce uwarsa na yawon ƙauyuka da malfa, tana tallar daddawa da ƙuli-ƙuli. Ya gina mata ɗaki mai fanka da talabijin, ya ɗauke ta. Kwana tara ta yi. A na goma ta ɗaure ƙullinta, ta ce gidan da ba a jin ƙarar turmi kabari ne mai lantarki, ita kuwa lokacinta bai yi ba. Ɗan ya yi fushi har ya ɗauke ƙafa wata da watanni. Sai da ta aika masa da ƙwaryar daddawa da saƙon cewa ya ci ya huce, shi ne jaririn da ya fi kowa kuka a cikin 'ya'yanta, sa'an nan ya zo ya durƙusa yana dariya.

To, ya mai karatu, shin Inna ta fita daga turbar magabata? Ni dai na ce a'a, kuma tarihin ƙasar da ta ke zaune shi ne shaidata. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Shugabanninsu, watau jajoji, dattawan mata ne waɗanda shekaru suka ba su 'yancin tafiya daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauko karatu su kai wa matan aure. Alamar jaji kuwa malfa ce da jan ƙyalle. Ashe ke nan tsohuwa mai malfa a kan hanya ba baƙon abu ba ce a wannan ƙasa. Game da raha kuma, malamai suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya taɓa yi wa wata tsohuwa wasa a kan shigar tsofaffi Aljanna, kana ya bayyana mata cewa da ƙuruciya za a shiga.

Masu cewa ba ta yi baƙin ciki ba, ba su taɓa kwana a gidan ba. Butar marigayin da allonsa suna nan inda ya bar su, ba ta yarda yaro ya taɓa. Bayan sallar asuba takan daɗe tana yi masa addu'a, sa'an nan ta shafa, ta ɗauki malfa. Har ila yau, duk inda aka yi wa mace mutuwar miji a kewayen, Inna ce ke zuwa ta zauna da ita, ta ƙirga mata kwanaki da ƙwayar gujiya. Ranar fita ta kai mata kwalli, ta sa ta cikin adashinsu na zawarawa, don ta sami jarin da za ta riƙe kanta ba tare da miƙa hannu ga 'ya'ya ba. Na san mata biyu da aka fid da rai za su sake dariya, yau su ke raka ta kasuwa.

Kira na ke yi ga 'yan'uwana ɗalibai. Muna ɗaukar rakoda mu bi makaɗa da mawaƙa, alhali ga irin su Inna a gidajenmu, bakinsu cike da karin magana da habaici da zaurance da tsantsar Sakkwatancin da ba ya cikin ƙamus. In muka kulle su a ƙurya da sunan gata, mun cuce su, mun kuma cuci harshen da muka ce muna nazari. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya da nisan kwana, amin.