Albasar Da Ba Ta Shiga Miya

Ni ɗan manomin albasa ne. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin kunyar da ke cikin labarin da zan ba shi. A Aliero aka haife ni, garin da in ka ambace shi a Jihar Kebbi abu biyu ke zuwa ran mutane: albasa da ɗori. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun yana saurayi yake noman rani har ƙarfinsa ya ƙare, kuma cikin 'ya'yansa maza huɗu ni kaɗai na guje wa gona. Tashin asuba cikin sanyi a tafi ban ruwa, warin ruɓaɓɓiyar albasa a rudu, zaman jiran 'yan kasuwa su zo su yi maka tayin wulaƙanci, duk na tsane su, kuma ban ɓoye ba. Da na samu boko sai na riƙe shi hannu bibbiyu. Baba bai taɓa hana ni ba, amma na sha jin yana gaya wa abokansa a bakin dakali, yana 'yar dariya, wai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Dariyar ba ta kai ciki ba, ni ma na sani.

Saboda haka hirarmu ba ta da tsawo. Ko da na tafi karatun digiri na biyu a Aberdeen, can arewacin Sikotlan, a watan Satumba na 2010, in na kira gida ranar Juma'a ba ma wuce minti biyu. Ina gajiya, ina sanyi, ina karatu, Allah shi yi albarka, ga innarka. Shi ke nan, sauran kuɗin katin a kan Inna suke ƙarewa.

An gaya mani akwai sanyi a garin, amma babu wanda ya ba ni labarin duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin uku da rabi kuma ta faɗi. Ka yi azahar, ka ɗan juya ka yi la'asar, kafin ka gama shan shayi magariba ta yi. Gine-ginen garin da wani dutse mai launin toka aka yi su, sama toka, teku toka. Ga shi kuma na faɗo a mugun lokaci, domin Disambar 2010 ita ce mafi sanyi da aka gani a Birtaniya cikin shekaru ɗari. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Na kan wuni a ɗaki ban yi magana da kowa ba, barci ba ya isa ta, abinci ba ya yi mani daɗi, karatun ma sai in zauna ina kallon shafi ɗaya awa guda. A lokacin ban san wannan hali yana da suna a wurin likitoci ba, na ɗauka lalaci ne kawai ya kama ni.

Cikin wannan yanayi ne, kwana biyu bayan Kirsimeti, na ga wasu kwalaye a wani kanti an karya masu farashi. A jikin kowane kwali ga hoton wani jan fure, a ciki kuwa wata ƙatuwar albasa ce da ta fi dunƙulen hannuna, da 'yar tukunyar roba da ƙullin ƙasa. An rubuta sunanta amarilis. Wallahi ba furen ne ya ja ni ba, albasar ce. Na ɗauke ta, na juya ta, na matsa wuyanta da babban yatsa in ji ko ta fara ruɓa, kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro. Sai da na biya kuɗi na fito sannan na lura da abin da hannuna ya yi ba da izinina ba.

Takardar bayanin da ke ciki kuwa ko kallon ta ban yi ba. Ɗan Aliero ne za a koya wa shuka albasa? Na binne ta gaba ɗaya, na kwarara mata ruwa kamar fadama, na ajiye ta kusa da hita. Kullum sai na ƙara mata. Mako biyu shiru.

Ran Juma'a, don dai in samu abin faɗa, na ce, “Baba, na shuka albasa a ɗaki, ta ƙi fitowa.”

Ya yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, “Kai? Albasa? Cikin ɗaki?” Sai tambayoyi suka biyo baya kamar alƙali ya samu mai laifi. Iri na yafa ko kai na dasa? Girmanta? Zurfin ramin? Sau nawa nake ban ruwa? Tukunyar tana da huda a ƙasa? Da na gama amsawa ya ce, “Yaro, kashe ta kake yi. Tono ta yanzu. Wagga da ka gani da guzurinta ciki, ba ta son komi gare ka. Ka bar mata kafaɗa waje, ka ɗauke hannunka ga ruwa sai ta nuna kai.”

Ranar ba a miƙa wa Inna waya ba, katin ya ƙare muna magana.

Na tono ta, na tarar gindin ya fara laushi. Na kankare wurin da wuƙa, na bar ta ta sha iska kwana biyu, na mayar da ita cikin ƙasa mai ɗan danshi. Daga baya na zaro takardar nan daga kwali, sai ga shi abin da Baba ya faɗa shi Turawan suka rubuta: a bar kashi ɗaya cikin uku na albasar a waje, tukunya kada ta fi ta faɗi da yawa, ruwa kaɗan har sai ta tsiro, ɗumin ɗaki wajen digiri 20, fure cikin mako shida zuwa takwas. Bayan kwana goma wani koren abu kamar harshe ya leƙo daga wuyanta.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka ƙari nake yi, amma karan amarilis kusan a idonka yake girma. Na sa rula a jikin tukunyar, kullum da safe in duba in rubuta a bayan littafina. Shi ne dalilin da ya sa na koma tashi da wuri, na koma buɗe labule, domin tana son haske. Kara ne mai rami a ciki, yana kai rabin mita ko fiye, kuma yana karkata wajen taga, dole kullum ka ɗan juya tukunyar in ba haka ba nauyinsa ya kifar da ita. Duk Juma'a Baba kan fara da ita kafin ma ya tambayi karatu. “Lawashi ya fito?” In ce a'a, kara ne ya riga fitowa. Ya ce to wagga iri za ta yi, irin albasar da ake mayarwa ƙasa shekara ta biyu don a samu iri.

A ƙarshen Fabrairu ta buɗe. Furanni huɗu, kowanne kamar bakin kakaki, faɗin tafin hannu, ja wur, sun ba juna baya suna kallon kusurwa huɗu. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena ta imel, ya je Jega ya bugo shi a takarda ya kai wa Baba. Juma'ar da ta biyo, dariya na fara ji kafin sallama.

“Ana cin ta?”

“Ba a ci, Baba. Guba ce ma.”

“To ai albasar kwaɗi ce! Ka tafi har ƙasar Turawa ka sa kuɗi ka sayi albasar kwaɗi, ga ta nan bakin fadama awaki ma ba su kula ta.”

Na ji haushi a lokacin, sai dai da na bincika, tsohon bai yi nisa da gaskiya ba. Albasar kwaɗin da ke fitowa a wurarenmu da farkon damina, mai farin fure da jan zane, masana tsirrai suna kiran ta Crinum, kuma dangi ɗaya suke da tawa. Wani likita mai suna Dalziel ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. Ita tawa kuwa, ashe sunan ma na aro ne. Amarilis ta ainihi 'yar Afirka ta Kudu ce. Wadda ake sayarwa a kwali lokacin Kirsimeti sunanta Hippeastrum, asalinta Kudancin Amurka, manoman Holan ne suka yi ta aurar da ire-irenta har ta kai girman da take a yau. Masana sun daɗe suna jayayya a kan sunan, sai a 1987 aka yanke hukunci, amma 'yan kasuwa ba su fasa kiran ta amarilis ba.

Nasara ta sa ni girman kai. Da kaka ta zagayo a 2011 na sayo okid, irin mai faffaɗan ganye da fure kamar malam-buɗe-littafi. Na ga tukunyarta babu ƙasa, sai ɓawon itace, ga jijiyoyi sun fito waje suna lilo. Na kai ƙara wurin Baba. Ya ce cuta ce ta 'yan kasuwa, wane tsiro ke rayuwa ba ƙasa? In samo ƙasa mai taki in rufe mata jijiya. Na yi yadda ya ce. Cikin wata biyu ganyen ya yi yaushi, na zaro ta na tarar jijiyoyin sun zama kamar jiƙaƙƙen zare. Da na gaya masa sai ya ce, “To, wagga ba tamu ba ce. Tafi ka tambayi masu ita.” Tun da nake ban taɓa jin Baba ya sallama a kan maganar shuka ba sai ranar.

Na tafi lambun gilashi da ke Duthie Park, inda ake shiga a tsakiyar hunturu a tarar da ɗumi da koren ganye kamar an koma Agusta a gida. Wani dattijo mai aiki a wurin ya yi mani bayani. Phalaenopsis sunanta, daga dazukan Filifins da Indunusiya da maƙwabtansu. A kan itatuwa take zama, jijiyarta iska take so, shi ya sa ake sa ta cikin ɓawo a tukunya mai nuna ciki. In jijiyar ta yi kore ta ƙoshi, in ta koma ruwan azurfa sai a ba ta ruwa a tsiyaye shi tas, kuma kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen. In kana son ta sake fure, ka bar ta ta ɗan ji sanyin dare na 'yan makonni da kaka. Na kawo wa Baba wannan karatu, ya ce kauci ke nan. Na ce a'a, kauci jinin itace yake sha, wannan wurin zama kawai take ara. Ya ce, “Baƙon kirki ke nan.” A karon farko ni ke bayani shi yana saurare.

Wajen hutun amarilis kuwa babu mai koya masa. Bayan fure ana yanke kara a bar ganye ya sha rana duk bazara da damina, a riƙa ba ta taki, don a nan take tara abin da za ta yi fure da shi baɗi. A Satumba sai a daina ba ta ruwa, a kai ta wuri mai sanyi-sanyi mako takwas zuwa goma. Ni tausayi ya hana ni, ina ganin ganye na bushewa hannuna na ƙaiƙayi. Baba ya ce, “Ranin ta take nema. Ka ba ta ranin ta.” Ta yi fure a Janairun 2012.

A Janairun 2013 kara ya tashi, ƙunshin furen ya kumbura har jan ya fara leƙowa. Ran Juma'a ya tambaye ni ko ta buɗe, na ce saura kwana kaɗan. Muryarsa ta ɗan dushe, ya ce mura ce ta hunturu. Daren Talata ƙanena ya kira. Kafin in samu tikitin jirgi an yi masa sutura.

Na yi mako uku a gida. Da na dawo na tarar ta buɗe ba kowa, ta karkata wajen taga har ta kifar da tukunyar, furannin sun bushe a kan kafet. Ban iya kallon ta ba. Na zare ta daga ƙasa, na yanke komai, na jefa ta cikin jakar takarda a ƙasan kabad ɗin kicin. Jefar da ita a shara ne dai na kasa.

A nan ta zauna har matata ta iso a watan Oktoba. Wata rana ina falo na ji ta tana cewa, “Wai wannan wace irin albasa ce ba ta da ƙamshi?” Na shigo na tarar da wuƙa a hannunta, tukunyar miya na kan wuta. Tsawar da na daka mata, har yau takan yi mani gori. Da ta shiga miyar nan da amai da gudawa sun kai mu asibiti. Da na zauna na ba ta labarin, ba ta ce komai ba, ta ɗauko tsohuwar tukunyar ta wanke ta ajiye a gabana. Albasar ta motse, ta koma rabin girmanta. Shekarar ganye kawai ta yi, ta biye ma haka. Sai a 2016 ta sake fure, guda biyu.

Yanzu tukwane bakwai ne a tagar falonmu, uwar da 'ya'yan da ta yi ta fitarwa a gefenta, waɗanda nake ɓallewa in dasa, kowanne ya yi kamar shekara uku kafin ya fara fure. Okid kuwa matata ta ƙwace, tana da guda uku, ta hana ni taɓa su wai hannuna na da ruwa. Duk Juma'a ƙanena da ya gaji gonar nake kira, in tambaye shi kuɗin buhu da halin rudu, shi kuma ya tambaye ni labarin albasar kwaɗi.

A Nuwambar da ta wuce na fito da su daga hutu, na shimfiɗa jarida a ƙasa, 'yata mai shekara tara ta ce ita za ta dasa uwar. Na juya ɗauko ruwa, kafin in dawo ta binne ta gaba ɗaya tana daddanna ƙasa da tafin hannu. Na ce ta tono ta, ta bar mata kafaɗa waje. Ta tambaye ni ina ne kafaɗar albasa. Na kama yatsanta na ɗora a wurin.