Ƙwan da Aka Hana Baba



Tun muna yara a Nima, kalacin Baba bai wuce koko da ƙosai ba, sai dafaffen ƙwai ɗaya in aljihu ya yarda. A shekarun 1990 likita ya ce yana da hawan jini, ya hana shi ƙwai da man shanu, ya ce ya koma shafa margarin a burodi, wai shi ne mai lafiya. Baba mutum ne mai jin magana. Har Allah ya karɓi ransa bai ƙara taɓa ƙwai ba. Ranar Salla ma sai ya tura mini nasa, ya ce, "Ci, kai yaro ne."

To, ga shi yau magana ta juya. A 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 na kolestirol da ta sa wa abincin yini, ƙwai ya sami sassauci. A 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a kawar da man da masana'antu ke daskarewa, irin wanda ke cikin margarin da yawa a wancan zamani, domin yana toshe jijiyoyin zuciya. Da na ji haka na daɗe ban ce uffan ba.

Ban zargi likitan ba, abin da ya sani ya faɗa. Amma yanzu ni ma hawan jinin ya kama ni, shi ya sa na tambayi 'yata, ma'aikaciyar jinya, wa zan bi?

Ta ce, "Baba, riƙe abin da bai canja ba. Gishiri kada ya kai cokalin shayi ɗaya a yini, har da na dunƙulen miya. Man shanu da man ja, kaɗan-kaɗan. Kokon gero da citta da kanumfari ba shi da laifi, sukarin da kake zubawa ne matsalar. Ƙosai wake ne, amma duba man, in ya yi baƙi don maimaita suya, wuce gaba."

Haka nake yi yanzu. Bayan Asuba nakan sayi kokona a Mamobi, in ce wa mai koko, "Hajiya, cokali ɗaya ya isa." Wata rana kuma in dafa ƙwai, in ɓare, in yi wa Baba addu'a kafin in kai baki.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara mana lafiya, amin.