Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Mu malaman makarantun ekklesiya mun saba da tsofaffin kwamfutoci, gama kuɗin sababbi ya fi ƙarfinmu. Da aka daina kula da Windows 7 a 2020, waɗansunmu suka koma Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991, ana kuwa samunsa kyauta. Saura maganar modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet.

Mun lura sunan da ke bisa kwali ba shi ne abin dubawa ba, sai ƙwayar da ke ciki. Mukan soka modem mu rubuta lsusb, ko lspci in na cikin kwamfuta ne, sai lambarsa ta fito. Da lambar nan muke bincika ko Linux ya san shi.

Na zamanin wayar tarho iri biyu ne. Na waje, mai fulogin serial, yana yin aikinsa da kansa, ba ya ba da wahala. Wanda ake kira winmodem kuwa ya dogara ga manhajar Windows, sau da dama sai a haƙura da shi. Na USB masu ɗaukar layin waya sukan fara nuna kansu kamar faifan CD, usb_modeswitch ne ke juya su.

Saboda haka, iyaye, kada ku yi saurin zubar da tsoho, kada kuma ku sayi na hannu ba ku gwada ba. Kuɗin da kuke tarawa domin karatun yara ba na hasara ba ne.