Tuwon Inna da sabon cikina

'Yar'uwa, ranar da na dawo Anka bayan tiyatar rage ƙiba, uwar mijina ta aiko mini tuwon dawa da fura mai sukari. Kunya ta sa na yi loma uku. Amai, zufa, jiri, har na ɗauka lokacina ya yi.

Dole na koma tsarin likita: makonnin farko romo da ruwa-ruwa, sannan nono da kunu marar sukari, sannan alale, ƙwai da kifi. Ruwa sai rabin awa bayan ci. Lemun kwalba na haƙura da shi. Bitamin kullum.

In an miƙo miki kwano, ki yi godiya, ki faɗi gaskiya. Yau Inna da kanta take dafa mini ƙwai.